Kuben almakashi da matashin allura: wane zare zai riƙe duwatsun, kuma da me zan cika matashin?

Maman Zuwaira (Garin Malam):
Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana na wannan zaure. Shawara nake nema, ku yi mini haƙuri maganar tana da ɗan tsawo. Akwai almakashin da Innata ta bar mini, Allah ya jiƙanta. Ya fi shekara 30 a gidanmu, baƙin ƙarfe ne mai nauyi, har yau in ya kama shadda sai ka ji wannan ƙarar mai daɗi. Ranar Juma'ar da ta wuce na jefa shi cikin jaka zan tafi awon wata amarya, muka hau kabu-kabu ni da Zuwaira, jakar tana tsakaninmu. Muna faɗawa wani rami sai bakin almakashin ya huda jakar ya karce ta a cinya. Ciwon bai yi zurfi ba, alhamdu lillahi, amma jinin da na gani a zanenta ya hana ni barci a daren.

Shi ne na ƙudura zan yi masa kube da hannuna, mai ado da ƙananan duwatsu, in haɗa da ɗan matashin soke allura, don alluraina a gefen katifa da jikin labule suke kwana. Ranar Alhamis na shiga Kasuwar Dole na sayo duwatsu ja da fari da kore. Na fara, abin ya ƙi. Na ɗinke kuben tukuna sannan na zo sa duwatsu, hannuna ba ya shiga ciki. Zaren roba na kamun kifi na sa, duwatsun sai tashi suke yi suna karkacewa kamar haƙoran da suka hau juna. Matashin kuma ban san abin da zan cusa masa ba, wata maƙwabciyata ta ce gero. Don Allah masu sani ku taimaka.

Hajiya Inna (Birni):
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare gaba. Kafin komai, kada ki kuskura ki sa gero. Kafin damina ta fita ƙwari sun huda shi, ɓera kuma ya ƙarasa miki sauran. Ni na gani da idona a ɗakin wata jikata, shinkafa ta sa, da safe aka tarar da allurai warwatse a tabarma inda yara ke rarrafe.

Madam mai koyar da ɗinki (Sabon Gari):
Maman Zuwaira, sannu da ƙoƙari. Kuskuren da kika yi shi ne wanda kusan duk ɗalibaina ke farawa da shi: kin gina ɗaki kin rufe ƙofa sannan kina son shigar da gado. Ado ake fara yi, ɗinkin haɗi ne ƙarshe. Warware wancan ki sake.

Ki rufe almakashin ki kwantar da shi a kan takarda, ki zagaye bakinsa da fensir tun daga tsini har inda hannayen suka fara buɗewa. Ki ƙara santimita 1 a kowane gefe don kaurin ƙarfen, ki ƙara wani 1 don ɗinki. Zai fito miki kamar zubin ƙahon sa, ƙasa tsukakke sama da faɗi. Wannan zanen ki mayar da shi kan ƙyallen da alli, amma kada ki yanke tukuna. Ki bar ƙyallen da faɗinsa, ki manna masa ƙyallen nan mai gam da teloli ke sa wa wuyan riga ta baya, ki ɗaure shi ya miƙe, ko a zoben katako in kina da shi, ko a bakin kwano da igiya. Dalili kuwa, duwatsu suna jan ƙyalle. In kin yanke daidai awo kafin ki yi ado, kina gamawa za ki ga ya tsuke, almakashin ya ƙi shiga.

Sa duwatsun kuma ba a zuba su da yawa a zare ɗaya. Ki fito da allura daga ƙasa, ki ɗauki ƙwaya 3, ki kwantar da su a kan layin alli, ki soke daidai inda ta ukun ta tsaya, ba gaba ba ba baya ba. Sai ki komo ta ƙasa ki fito tsakanin ta farko da ta biyu, ki sake ratsa biyun ƙarshe, sannan ki ɗauki wasu 3. A wurin lanƙwasa ki rage zuwa 2. In kin soke kusa da yawa za su yi tozo, in kin soke nesa zare zai bayyana. Duk bayan ɗan yatsa guda na aiki ki ƙulla ta baya, don ko zare ya tsinke wata rana, ƴan kaɗan ne za su zube. Kuma ki bar santimita 1 na gefe babu dutse ko ɗaya, nan ne allurar haɗi za ta bi.

Ƴar Mirya:
Madam, ranki ya daɗe, duk na yarda amma ban ga laifin zaren roba ba. Ni da shi nake yin jigida da abin hannu, shekara nawa, ba ya ruɓewa, ruwa ba ya cinsa, kuma ba ya nuna launi. Tanti Maman Zuwaira wataƙila mai kauri ta saya. Ta nemi siririn ta gani.

Madam mai koyar da ɗinki:
Ɗiyata, jigida daban, ɗinki a kan ƙyalle daban. A jigida zaren yana tafiya miƙe cikin duwatsu, ba abin da ya dame shi. A kan ƙyalle kuwa kowane taku sai ya lanƙwasa ya koma, shi kuma zaren roba ba ya son lanƙwasa, yana ƙoƙarin miƙewa, shi ya sa duwatsun Maman Zuwaira suke tashi. Ƙullinsa yana zamewa. In kin ja shi da ƙarfi ya yanka ƙyallen kamar reza. Sannan ki tuna zafinmu na bazara da ke wuce digiri 40: abin da ya sha rana a kan teburin keke wata da watanni, zaren roba yana bushewa ya yi ƙaras. Zaren keke mai ƙarfi, na leda ba na auduga zalla ba, a ninka shi biyu a ja shi a kan kakin zuma sau biyu ko uku, shi ne abin. Kakin yana hana shi sarƙewa, yana kuma hana bakin dutse cinsa. Kada tsawonsa ya wuce kamu 2.

Ƴar Mirya:
To ni dai na taɓa yin ƴar jakar waya da siririn zaren roba kuma tana nan ba ta zube ba. Amma gaskiya ƙullin sai da na ɗiga masa gam.

Hajiya Inna:
Ai kin faɗa da bakinki. Abin da sai an ɗiga masa gam ya zauna, ba ɗinki ya riƙe shi ba.

Tela na bakin tasha:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni iyaye mata, ni namiji ne mai neman na cefane, zan faɗi yadda na gani. Shekara 22 ina kan keke, almakashina ɗan guntun tiyo na yanka na zura bakinsa ciki, ko sisi ban kashe ba, bai taɓa huda ni ba. Allurai kuma tsumma na naɗa a wuyan keke ina sokewa, kamar kowane tela. Kwana uku ko huɗu da za a kashe ana tsintar duwatsu ɗaya ɗaya, ai riga biyu ce aka ɗinka aka karɓi kuɗi. Ban hana ba, amma in tsaro ake nema, tiyo ya gama magana.

Maman Zuwaira:
Malam tela na gode, kuma maganarka gaskiya ce ta fuskar tsaro. Tun ranar Asabar ma tsumma na naɗe masa na ɗaure da roba. Amma wannan almakashin shi kaɗai ne abin Innata da ya rage a hannuna. Kwanukanta an raba, zannuwanta sun tsufa. Da shi ta ɗinka mana kayan salla muna yara, a hasken fitilar ƙwai. Ba na son in zura shi cikin tiyo. Ina son in yi masa abin da in Zuwaira ta girma ta ɗauka za ta san an daraja shi.

Hajiya Inna:
Allah ya yi miki albarka. Malam tela, a zamaninmu ko tandun kwalli sai an yi masa ado, ko maburgi sai an zana, ko faifan rufe ƙwarya sai an saƙa masa launi. Ba wanda ya ce faifai mara ado ba ya rufe fura. Mutum yana ƙawata abin da yake ci da shi ne don yana ganin girmansa.

Baduku ɗan gado (Zango):
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni zan shiga tsakani, don kowa da gaskiyarsa. Tela ya damu da abin da zai tare tsini, ku kun damu da abin da ido zai gani. Kube kuwa tun asalinsa abu biyu ne: ciki mai tarewa, waje mai ƙawa. Haka muke yin na wuƙa da na takobi tun kakanni.

Maman Zuwaira, duk adon da za ki yi, in ƙyalle ne kawai a ciki, wata uku tsinin ya fito ta ƙasa, kin koma inda kika fara. Kwali ma kada ki yarda da shi, da ya ji laima ya zama tuwo. Shafin ciki fata za ki sa. Ki je wurin dukawa ki ce a ba ki ragowar fatar akuya jemammiya, irin guntayen da ke zubewa in an yanka jaka ko matashin fata, ba za su yi miki tsada ba. Ta akuya ta fi ta tunkiya ƙarfi nesa ba kusa ba, ta tunkiya tana da laushi amma tana yagewa. Fatar jar akuyar nan ta wajen Maradi da Sakkwato ita ce ayari suka riƙa ɗauka zuwa arewa a da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasarmu ta fito.

Ki yanka gida biyu daidai zanen Madam, gefen mai santsi ya kalli ƙarfe don almakashi ya riƙa zamewa. A can ƙasa wurin tsini ki ƙara wani ɗan guntu mai kauri, tsawon gaɓar yatsa biyu, ki ninka shi kamar ƴar hula ya zauna cikin kusurwar. Nan ne ran kuben yake. Fata kuma ba a soka mata allurar ɗinki kai tsaye, za ki karya allurar ki huda yatsa. Ki fara huda ramukan da basilla a kan katako, tazara daidai, sannan zare ya bi. In kin haɗa fatar ta zama kube, ki gwada almakashin ya shiga ya fita sau goma, sai ki tufatar da ita da ƙyallen adon ki ɗinke gefe.

Tela na bakin tasha:
Wannan kam na yarda da ita. In da fata a ciki, ba ni da ja.

Madam mai koyar da ɗinki:
Malam baduku, tambaya ɗaya. Wata ɗalibata ta yi da fata, bayan damina ta zaro almakashin ta ga fatar ta yi baƙi a ciki, ƙarfen kuma ya yi tabo. Mene ne sanadi?

Baduku ɗan gado:
Madam, wannan sananne ne a wurinmu. Da bagaruwa ake jima. Ruwan bagaruwa in ya haɗu da baƙin ƙarfe da laima, baƙi yake bayarwa. Ai ta haka muke samun kuloko, baƙin rinin da muke zana fata da shi, ƙarfe ake jiƙawa. Ke nan laima ce ta shiga tsakaninsu. Maganinsa, fatar ta bushe sarai kafin a ɗinka, a shafa mata ɗan mai kaɗan a goge. Almakashin kuma duk ranar da aka gama aiki a share shi da tsumma mai ɗigon man keke, musamman watan Agusta. Kada a mayar da shi kube da gumin hannu a jikinsa. A hunturu ba ruwanki da wannan, ƙura ce kawai abokiyar faɗanki.

Maman Zuwaira:
Allah ya saka da alheri. Wata matsala kuma: cikin duwatsun da na saya, jajayen sun bar mini launi a yatsa. Kuma allurata ba ta ratsa rabinsu.

Ƴar Mirya:
Tanti, wannan fannina ne. Jajayen nan fenti ne a bayansu, ba launin kwalbar da aka yi su da ita ba ne. Kafin ki sayi da yawa, ki ɗebi kaɗan ki sa a farin tsumma mai ɗan ruwan sabulu ki murza. In tsumman ya kama launi, ki bar su, wata biyu za su koma fari fat a wurin da hannu ke taɓawa, kuma kube kullum a hannu yake. Masu kyau launin a cikin kwalbar yake, ko kin fasa ƙwayar za ki ga cikinta ja ne. Masu ruwan azurfa a cikin rami suna da ƙyalli ranar farko, daga baya su dushe. Na roba kuma ba su da nauyi amma suna karcewa.

Girma ma ki duba. Masu araha a ƙulli ɗaya za ki ga wata ƙwaya ta yi biyun wata, sai kin zauna kin tsince. Na ƙasar Cek da na Japan, irin su Miyuki da Toho, su ne ke zuwa kai ɗaya, amma kuɗinsu daban ne, ni sai in wani zai shiga Kano nake sallahu. A jikin ledarsu akwai lamba: 11/0 ita ce wajen milimita 2, kuma lambar tana hawa ƙwayar tana ƙanƙancewa, 8/0 ta fi ta girma. Don kube ni 8/0 nake so a gefe, 11/0 a tsakiyar zane. Dogayen nan masu kamar guntun kara bakinsu yana da kaifi, in za ki sa su ki tare kowane baki da ƙwaya zagayayya, in ba haka ba su yanke zaren.

Allura kuma akwai tata ta musamman, doguwa siririya, kunnenta bai fi jikinta kauri ba, lamba 10 ko 12. Kada ki rikice da ta keke: a allurar keke babbar lamba ita ce mai kauri, 16 ta fi 14, a allurar hannu kuwa babbar lamba ita ce siririya. Ki tuna dole allura da zare su ratsa ƙwaya ɗaya sau biyu a ɗinkin da Madam ta koya miki.

Hajiya Inna:
Ka ji yarinya ta san abinta. Araha ba ta ado, haka muka taras ana faɗa.

Mushen lakwal (malamin makaranta) mai ritaya:
Ina bin ku tun ɗazu, bari in sa baki da abin da na sani. Duwatsun kwalba ba baƙi ba ne a Damagaram. A da, garin nan zango ne a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gat da Agadas ya sauka Kano, kuma sunan unguwar Zango ma daga nan yake. Cikin kayan da raƙuma ke saukewa akwai duwatsun da ake yi a Benis ta ƙasar Italiya, da takarda, da allurai. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cinikin ya kai ƙarfinsa, fata da gashin jimina suna tafiya arewa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai kaya suka juya ta bakin teku, hanyar hamada ta yi sanyi. Nufawan Bida kuma suna narka kwalba su yi nasu duwatsun har yau. Don haka Maman Zuwaira, in kina neman zane kada ki tafi nesa. Ki zaga cikin Birni ki ɗaga kai ki dubi fuskar tsofaffin gidaje, dagi da sauran zanen da magina suka fitar a jikin bango. Ki ɗauki hoton guda ki rage shi.

Madam mai koyar da ɗinki:
Mushe, dagi yana da kyau amma ga mai farawa yana da wuya, layukansa suna hawa kan juna, kuma faɗin kuben bai fi yatsa uku ba. Ta fara da layi mai hawa da sauka a gefe biyu, da ƴan kusurwoyi uku a jere a tsakiya. Dagin ta ajiye wa na biyu.

Maman Zuwaira:
To saura matashin. Gero ya fita. Auduga fa? Ina da ragowar tsohon matashin kai.

Hajiya Inna:
Mu da rairayi muka saba. Lallausan rairayi, a tankaɗe, a wanke, a shanya ya kwana biyu a rana. Yana da nauyi, matashin ba ya bin hannunki in kin zare allura, kuma yana goge mata tsatsa.

Tela na bakin tasha:
Hajiya, rairayi yana dakushe allura. Ni na gwada. Garin katako na wurin kafinta ya fi, kyauta ma ake ba da shi.

Gwaggo ta Magarya:
Ku duka kun bar na gaskiya. Kakata gashin kanta take tarawa in an yi mata tsifa, da shi ta cika nata. Allurarta ba ta taɓa tsatsa ba, saboda man da ke jikin gashin.

Hajiya Inna:
A'a, ƴar uwa. Maganar mai gaskiya ce, amma ni ba zan ce wa ɗiyar kowa ta tara gashin kanta a abin da ke yawo gidajen mutane ba. Mu binnewa aka koya mana. Kowa da yadda ya taso.

Gwaggo ta Magarya:
Ai a ɗakinta yake zaune, Hajiya, ba yawo yake ba. Amma na ji, ban matsa ba.

Madam mai koyar da ɗinki:
Bari in faɗi abin da na gani a aji, don mun gwada kusan duka. Auduga tana shan laimar iska ta riƙe, allurar da ta kwana biyu a ciki da damina za ki zaro ta da jan tabo, kuma in an danna ta da yawa allura ba ta shiga da daɗi. Rairayi, Hajiya da tela kowa ya faɗi rabi: yana goge tsatsa, amma da yake gogewa yake yi, yau da gobe yana cin ruwan ƙarfen da aka shafa wa allurar, in kuma da tsakuwa a ciki ya dakushe tsinin. In ba a wanke shi ba, gishiri ko kanwar da ke ciki su ne ma za su kawo tsatsar. Garin katako yana da kyau in ya bushe sarai kuma an tankaɗe shi. Gashin tumaki irin mai ulu shi ne Turawa suka fi yabo saboda maiƙonsa, sai dai tumakinmu ba irin masu ulun ba ne.

Abin da na tsaya a kai shi ne audugar rimi. Ita ruwa ba ya kama ta kamar auduga, ba ta da nauyi, allura tana shiga sumul. Aibinta biyu: tana tashi sama ta shiga hanci in ana cusawa, kuma tana kama wuta da sauri, kada a yi aikinta kusa da murhu. Da yake ba ta da nauyi, sai in ɗinka ƴar jaka ninki biyu in cika da rairayin Hajiya in kwantar a ƙasa, rimin a sama. Duka in zaunar da su cikin ɗan ƙoƙo ko gwangwanin kifi da aka danne bakinsa aka lulluɓe da ƙyalle. Ƙasa mai tauri dole ce, don kada allura ta zarce. A cusa shi ya yi tauri kamar ɗanyen tumatir, in ya yi laushi allura za ta nutse. Duwatsu kuma a kewayen gindi kawai, kamar jigida. Saman a bar shi fili, nan ne wurin aiki, in kin sa dutse a can tsinin allura zai riƙa karo da kwalba.

Maman Abdu, ma'aikaciyar jinya:
Ban iya ɗinki ba amma ina roƙon a saurare ni. Allura mai kai tana tsayawa a saman matashi, ta ɗinki ba ta da kai, tana iya nutsewa gaba ɗaya, wata rana yaro ya matsa matashin ta shige masa tafin hannu. Ku riƙa barin ɗan zare a kunnenta, ko ku ɗinka wani ɗan ƙyalle mai kauri a gefe don su kaɗai. Na biyu, don Allah a daina riƙe allura a baki, ko ana ɗinki ko ana ɗaura kallabi. Tari ɗaya ko dariya ɗaya ta isa ta wuce maƙogwaro, in ta faɗa hanyar numfashi sai an shiga da na'ura an ciro. Na uku, Maman Zuwaira, ki duba katin rigakafin yarinyar ki tabbata ta samu na tetanos cikakke, tunda ƙarfe ne ya karce ta. In kina shakka ki kai ta a duba, kada ki jira. Ki kuma nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, ki bi katifar da labulen da tabarma da shi.

Maman Zuwaira:
Na gode ƙwarai Maman Abdu. Katin yana nan, gobe da safe zan kai shi a duba mini in sha Allah.

Ƴar Mirya:
Tanti in kin iya, ki yi tunanin sayarwa. Ni na lura ɗaya ɗaya ba ya tafiya, mutum zai taya shi kuɗin da bai kai na duwatsun ba. Amma in an haɗa kube da matashi launi ɗaya, iyaye suna saye don ranar yaye ɗalibai a wurin koyon ɗinki, ko a sa wa amarya mai sana'a cikin kayanta.

Tela na bakin tasha:
Nan ma a yi lissafi. A ƙirga yinin da aka kashe, ba kuɗin kaya kawai ba. Mata da yawa suna sayar da aikin hannu ƙasa da wahalarsu saboda ba su sa lokacinsu a lissafi.

Maman Zuwaira:
Wannan na farkon dai ba na sayarwa ba ne.

Maman Zuwaira:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 9. Ga hotuna nan. An duba katin Zuwaira, rigakafinta ya cika, ciwon ma ya warke. Na bi katifa da mayen ƙarfe kamar yadda Maman Abdu ta ce, allura 7 na ciro, biyu sun nutse har ba a ganin kansu, a wurin da muke kwana.

Jajayen duwatsun na murza su a tsumma, suka zuba, na ajiye su na sayo wasu. Ƙyallen guntun baƙar shadda ce daga wata tsohuwar rigar Innata, ban faɗa muku ba sai yanzu. Dare biyar na yi ina adon bayan sallar isha'i. Layin farko na warware shi sau biyu kafin hannuna ya gane inda zai soke, daga nan sai ya tafi. Fatar wani dattijo baduku ya ba ni, da na gaya masa ko ta mece ce sai ya huda mini ramukan da kansa ya ƙi karɓar ko dala. Matashin yana cikin ɗan ƙoƙo, rairayi a ƙasa rimi a sama, farare da koraye a gindi. Abu ɗaya ya rage: in na kifa kuben almakashin yana zamowa.

Baduku ɗan gado:
Madalla, aiki ya yi. Ki yanka siririyar fata faɗin ɗan ƙaramin yatsa, ki ɗinke kanta ɗaya a bayan kuben daga sama, ta ratso ta cikin zoben hannun almakashin ta sauko gaba ta kama maɓalli. Ramin maɓallin ki tsaga shi a tsaye, ɗan ƙarami, fata tana buɗewa da kanta.

Madam mai koyar da ɗinki:
Layinki na hagu ya fi na dama miƙewa, da gani shi kika yi daga baya. Na biyun ki gwada dagin Mushe.

Hajiya Inna:
Hoto ba ya nuna mini ciki. Ranar Alhamis in kin fito kasuwa ki biyo ta Birni da shi, ɗiyata, in sa yatsa in taɓa wurin tsinin da kaina. Ki zo da Zuwaira, akwai sauran kakin zuma a wurina da zan ba ki.